Yanda za ka koyar da tarihin matan Girka a ajin kimiyya ba tare da ka mayar da shi haddar sunaye ba

Malamai 'yan uwa, musamman masu ɗaukar lissafi da kimiyya a sakandare da kwalejojin ilimi, da ku nake. In dai ka taɓa tsayawa gaban allo ka zana alwatika ka ce ga ka'idar Pythagoras, ko ka ambaci Archimedes wajen bayanin dalilin da ya sa kwalekwale ba ya nitsewa, toh ka riga ka shiga Girka ko ka shirya ko ba ka shirya ba, kuma komai daren daɗewa sai an samu yarinyar da za ta ɗaga hannu ta ce malam wai su ba su da mata ne? Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu lalubo sunaye uku huɗu a waya, Hypatia da wance da wance, mu ce ga su nan su ma sun taɓuka, shikenan a koma kan darasi. Yara su kwafa, su haddace, su juye a jarabawa su manta.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta cin kuɗi. Kafin ka ambaci sunan kowa, ware gefe ɗaya na allo ka rubuta tambayoyi huɗu, ka gaya wa monita kada a goge su har a gama maudu'in. 'Yar waye? Wa ya biya kuɗin karatunta? Wa ke ɗebo ruwa da wanki da raino a gidan lokacin da ita take karatu? Sannan wa ya ba mu labarin nata? Duk macen da ta shigo darasin sai ta bi ta kan tambayoyin nan, ba sani ba sabo. Da zarar yara sun saba za ka ga da kansu sun gano cewa a Girka ba zama mace kaɗai ke hana mutum ilimi ba, gidan da aka haife ki shi ne rabin maganar, wani lokacin ma ya fi rabi.

Fara da layi da taswira

Ja dogon layi a allo ka raba shi biyu, don Girka biyu ce yara ke cakuɗawa. Akwai ta dā, ta su Pythagoras da Aflatun da Aristotil, ɗaruruwan shekaru kafin Miladiyya har zuwa zamanin Rumawa. Akwai kuma ƙasar Girka ta yanzu wadda ta fara yaƙin ƙwatar kanta a 1821 daga hannun Daular Usmaniyya, a nan ka tsaya ka ce ta Turkiyya fa, ba tamu ta Sakkwato ba, in ba haka ba wallahi sai ka ga abin mamaki a takardar jarabawa.

Taswira kuma ko da hannu ne ka zana ta, ba sai ta yi kyau ba. Abin da ake so su gani shi ne Girkawan dā ba a Atina kaɗai suke ba. Kroton, inda jama'ar Pythagoras suka zauna, tana kudancin Italiya. Cyrene, garin Arete 'yar Aristippus wadda ta gaji makarantar falsafar ubanta har ta koyar da ɗanta, tana Libiya ta yau. Tlos tana Turkiyya. Iskandariya kuwa Masar ce, wato Hypatia a Afirka aka haife ta, a nan ta koyar, a nan aka kashe ta. Wannan kaɗai yakan sa masu gyangyaɗi a bayan aji su ɗago kai.

Sai ka ba su ɗan lissafi na ɗumama jiki. Wani marubuci mai suna Iamblichus ya jero sunayen mabiya Pythagoras, maza 218 mata 17. Su fitar maka da kaso, za su samu kashi 7 da ɗan ɗoriya cikin 100. Daga nan ka gaya musu abu biyu, na farko da yawa daga matan nan an gabatar da su ne a matsayin matar wane ko 'yar wane ko ƙanwar wane, na biyu shi Iamblichus ɗin ya yi rubutunsa ne kimanin shekara 800 bayan Pythagoras. Kada ka yi sharhi, nuna musu tambaya ta ɗaya da ta huɗu kawai ka bar su su yi musu.

Katin kwali da tulin shaida

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so, don a nan ne tarihi ke zama kimiyya. Samo kwalin taliya ko na sabulu ka yanka kati-kati, kowane kati mace ɗaya, a gaba sunanta da abin da aka ce ta yi, a baya kuma inda labarin ya fito. Raba aji rukuni-rukuni ka ce su kasa katunan tuli uku: wanda aka samu rubuce a jikin dutse tun zamaninta, wanda wani da ya san ta ido da ido ya rubuta, da wanda aka rubuta bayan ta daɗe da zama ƙasa.

Katuna biyu ne za su ɗauki hankalin kowa. Na farko Agnodice. Labarinta daɗi kamar tatsuniya, wai a Atina an yi doka cewa mata da bayi ba za su koyi likitanci ba, mata suna ta mutuwa saboda kunyar likitoci maza, sai ita ta aske gashinta ta sa kayan maza ta je ta yi karatu wajen wani likita mai suna Herophilus, ta dawo tana duba mata har kasuwar sauran likitocin ta faɗi suka kai ta ƙara wai tana lalata matan mutane, a gaban alƙalai ta nuna musu ita mace ce, suka ce ai laifin ma ya ƙaru, sai matan manyan gari suka yi gangami suka zo kotun, dole aka canza doka. Yara suna son labarin nan sosai, kuma in ka duba intanet za ka ga ana ta yaɗa shi da hotuna kamar an yi a gaban mai rubutun. Toh amma a bayan katin abin da ke rubuce shi ne, marubuci ɗaya ne ya kawo shi, Hyginus, da Latin, a cikin tarin tatsuniyoyi, ɗaruruwan shekaru bayan lokacin da ake cewa abin ya faru, kuma shi Herophilus a Iskandariya ya yi aikinsa. Masana tarihi da yawa ba su yarda an taɓa yin Agnodice ba.

Kati na biyu Phanostrate. Ba ta da wani labari mai daɗi, dutsen kabarinta ne kawai aka tono a yankin Atina, na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, an sassaƙa ta a zaune da yara kewaye, an rubuta cewa ungozoma ce kuma likita. Ka tambaye su, in kai alƙali ne wace shaida za ka karɓa? Sannan ka ƙara musu da cewa in har akwai mace likita a Atina da aka rubuta sana'arta ɓaro-ɓaro a kan kabari kowa na gani, ina dokar da aka ce ta hana?

Amma kar ka jefar da Agnodice a kwandon shara, akwai abu ɗaya a ƙarshen labarin da kusan kowa ke tsallakewa. Da aka canza dokar, 'ya'ya mata aka ba izini, wato waɗanda aka haifa ba cikin bauta ba. Bayi suna nan inda aka bar su. Kuma waɗanda suka cece ta matan manya ne. Ko tatsuniya ce, ta nuna maka yanda mai ba da ita yake kallon duniya.

Ƙara katin Antiochis ta Tlos, 'yar Diodotus, wadda majalisar garinsu ta yaba wa gwanintarta a likitanci kusan shekara 2000 da suka wuce, rubutun da ke gindin gunkinta ya nuna ita ce ta kafa shi da kanta. Tambaya ta biyu ke nan ta amsa kanta, talaka ba ya kafa wa kansa gunki a tsakiyar gari. Akwai kuma Axiothea da Lastheneia da aka ce sun yi karatu a makarantar Aflatun, har ana cewa Axiothea kayan maza take sawa, su ma daga bakin marubutan baya labarin ya fito, su shiga tuli na uku.

Hypatia, da gwajin da za ka yi da tsinken shan lemo

Ita ce aka fi sani, ita ce kuma aka fi yi wa ƙari. Abin da ya tabbata: 'yar Theon ce, babban malamin lissafi da ilimin taurari na Iskandariya, a gidan littattafai ta tashi, har uban ya ambace ta a sharhin da ya yi wa littafin taurari na Batlimus, wanda Larabawa suka kira Almajisti, cewa ta duba aikin. Ta koyar da lissafi da falsafa, manyan gari na zuwa neman shawararta har da gwamna Orestes. Ɗalibanta 'ya'yan masu hali ne daga garuruwa daban-daban, kuma duk waɗanda aka san sunayensu maza ne. Ka bar wannan ya zauna a kunnen yara, mace ce malama amma ba mu san ɗaliba mace ko ɗaya da ta zauna gabanta ba.

Ɗaya daga ɗaliban, Synesius mutumin Cyrene, wasiƙunsa sun tsira har yau, ga shaidar tuli na biyu ke nan. A cikin wata wasiƙa ya roƙe ta ta sa a ƙera masa wani abin auna nauyin ruwa, ya siffanta shi dalla-dalla, bututu ne kamar sarewa mai tsage-tsage a jiki da wani nauyi a ƙasa don ya tsaya a miƙe cikin ruwa. Toh wannan abun za ka iya haɗa shi a aji da kuɗin da bai kai na katin waya ba.

Samo tsinken shan lemo irin na roba, toshe ƙasansa da kakin kyandir ko cingam da aka tauna, ka tabbata ruwa ba ya shiga. Zuba ɗan yashi a ciki kaɗan-kaɗan, ko ka jefa ƙaramar ƙusa, har sai ka ga in ka sa shi cikin ruwa yana tsayawa cak bai kwanta ba bai kuma nitse ba, a nan ake shan wahala, in yashin ya yi yawa zai tafi ƙasa in ya yi kaɗan zai kife, don haka ka gwada a gida tukun. Yanke kan gorar ruwa guda uku masu tsawo. Ta ɗaya ruwan famfo, ta biyu ruwan da aka narka gishiri har ya ƙi narkewa, ta uku man gyaɗa. Sa tsinken a ruwan famfo, yaro ya yi alama da maka daidai inda ruwa ya tsaya. A ruwan gishiri za su ga ya taso sama alamar ta fito fili, a man gyaɗa kuma ya ƙara lumewa alamar ta ɓace. Dalili, ruwan famfo nauyinsa gram 1 ne a kowane mililita, ruwan da ya ƙoshi da gishiri yana kaiwa wajen 1.2, man gyaɗa kuwa kimanin 0.9, shi kuma tsinken yana lumewa ne har sai ruwan da ya ture ya kai nauyinsa, ka'idar Archimedes ke nan da ke cikin manhajarka dama. A bar man gyaɗa ya zo ƙarshe don yana ɓata alamar, kuma dan Allah kar a kawo kananzir aji.

Sai dai ka kiyaye bakinka, kar ka ce ita ta ƙirƙiro shi. Mutumin da ya tsaya yana siffanta maka abu ka sa a ƙera masa ai ba kai ka ƙirƙiro ba. Wasiƙar ta nuna ta san kan kayan aiki kuma tana da maƙeran da za ta sa, wannan ma ya isa. Ka tambayi yara, shi maƙerin da ya narka tagullar fa, ina sunansa?

Maganar mutuwarta tana buƙatar natsuwa, musamman in ajinka akwai Musulmi da Kirista. A shekarar 415 wasu gungun mutane suka tare ta a hanya suka yi mata kisan gilla, ana tsakiyar rikicin iko tsakanin gwamna Orestes da bishof Cyril, ana zarginta da cewa ita ke hana su sasantawa. Waɗanda suka kashe ta Kiristoci ne, haka ne. Amma wanda ya rubuta mana labarin ya kuma yi tir da kisan, Socrates Scholasticus, shi ma Kirista ne, kuma Synesius ɗin nan bishof ya zama bai daina girmama malamarsa ba har ya mutu. In ka mayar da shi faɗan addini da kimiyya kamar yanda wasu finafinai ke yi ka yi wa tarihin ƙarya, ka kuma ɓata wa rabin ajinka rai a banza.

Waɗanda ba su da kati

Ajiye kati biyu uku farare ba rubutu, in yara sun tambaya ka ce na masu saƙa ne da masu rini da masu shayar da 'ya'yan wasu da bayin da ke niƙa. A Pylos da ke kudancin Girka an tono allunan yumɓu na tun sama da shekara 3000, an lissafa ɗaruruwan mata ma'aikata da abincin da ake auna musu, da yawansu aikin ulu da saƙa suke, ba a damu da sunayensu ba sai dai a ce matan gari kaza. Sanin wane ganye ke ba da wane launi, da yanda za a sa rini ya kama zare kar ya zuba, ilimin sinadarai ne ko ba a rubuta shi ba. Uwar Socrates malamin Aflatun ma ungozoma ce. Daga baya a zamanin Rumawa likita Soranus ya rubuta cewa ungozoma ta ƙwarai ya kamata ta iya karatu.

Akwai wani juyi da yara ke jin daɗinsa. A Atina 'yar masu kuɗi ita ce mai yiwuwa ta koyi harafi, amma ita ce aka fi tsarewa a gida, a aurar da ita tana shekara 14 ko 15 ga mai shekara 30. 'Yar talaka tana fita kasuwa da rijiya da gona don dole, har Aristotil da kansa ya ce ba yanda za a yi a hana matan talakawa fita, amma ita ba ruwanta da allo. A garin Teos wani attajiri ya ba da dukiya a ɗauki malamai su koyar da yara maza da mata, abin a yaba, sai dai sharaɗin 'ya'ya ne ban da bayi.

In ka samu minti biyar, gaya musu Aristotil ya rubuta cewa maza sun fi mata yawan haƙora, ka sa kowa ya ƙirga nasa da harshe a rubuta a allo. Babba mai cikakken baki 32 ne da shi, mace ko namiji, yaran sakandare da yawa za su samu 28 don na can ƙurya ba su fito ba. Mutum ne da ya feɗe dabbobi ya lura da abubuwa da kyau, amma a nan bai tsaya ya ƙirga da kyau ba.

Girka ta zamani, inda takardu suka yi yawa

Darasi na biyu ko na uku ka tsallako zuwa ƙarni na 19. A nan ba ka da matsalar shaida, akwai dokoki da ƙidaya da jaridu. A 1834 sabuwar ƙasar ta yi dokar firamare dole ga yara maza da mata. A takarda ke nan. A ƙidayar 1879 sama da kashi 90 cikin 100 na matan ƙasar ba su iya karatu ba. Rubuta shekarun biyu kusa da juna ka tambaye su me ya faru a tsakani.

Abin da ya faru shi ne gwamnati ta gina wa maza sakandare ta bar ta mata a hannun 'yan mishan da ƙungiyoyi da masu kuɗi. Wata Ba'amurkiya Frances Hill da mijinta suka buɗe makaranta a Atina a 1831. A 1836 aka kafa wata ƙungiyar masu son ilimi wadda makarantarta ta mata ta zama Arsakeio, sunan attajirin da ya ba da kuɗin ginin, Apostolos Arsakis. A irin waɗannan makarantun kala biyu ne na ɗalibai a rufi ɗaya, 'ya'yan masu hali da iyayensu ke biya don su iya Faransanci da kiɗan fiyano da ɗinki su samu miji na gari, da 'ya'yan marasa ƙarfi da aka ɗauka da tallafi don su zama malamai su biya da aikin koyarwa bayan sun gama. Lissafi da kimiyyar da ake ba su bai kai na makarantun maza ba, kuma satifiket ɗin ba ya kai mutum jami'a kai tsaye. Wato 'yar talakan da aka koya wa kimiyya rabi-rabi ita ce za a tura ƙauye ta koyar da wasu 'ya'yan talakawan. In ɗalibanka masu shirin zama malamai ne ka tsaya a nan ka daɗe.

Jami'ar Atina an buɗe ta a 1837, mace ta farko ta shiga a 1890, su cire su gani, shekara 53. Sunanta Ioanna Stephanopoli, ubanta mai gidan jarida ne da ke fitowa da Faransanci a Atina. Kafin ita Sevasti Kallisperi ta nema aka hana ta, ta tafi Sorbonne a Paris a 1885. Maria Kalapothaki ma a Paris ta gama likitanci a 1894, uwarta Ba'amurkiya ce. Ka sa yara su bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya ta biyu, wa ke iya tura 'yarsa Paris ta yi shekaru? Sai Angeliki Panagiotatou da 'yar uwarta Alexandra, mutanen tsibirin Kefalonia, su ne matan farko a sashen likitanci na Atina. Ana ba da labarin da Angeliki ta tsaya yin lakca ɗalibai maza suka yi ta mata ihu wai ta koma kicin. Yawancin aikinta a Iskandariya ta yi shi, kan kwalara da annoba da cututtukan ƙasashe masu zafi, sai a 1938 Atina ta ba ta kujerar farfesa.

Kalliroi Parren, wadda ita ma a Arsakeio ta yi, ta kafa jaridar mata a 1887, wajen 1890 kuma ta buɗe makarantar ranar Lahadi don 'yan aikin gida da 'yan matan masana'anta da ba su iya karatu ba. Aikin alheri ne ba shakka, amma ka bar yara su tambaya me ya sa Lahadi, kuma a gidan wa yarinyar take sauran kwana shida.

Labarin Volos kuwa kar ka tsallake shi ko lokaci ya ƙure. A 1908 garin ya buɗe wa 'yan mata babbar makaranta, aka ba Alexandros Delmouzos shugabanci, shi kuma ya ce da yaren da mutane ke magana a gida za a koyar, ba da tsohon salon boko na hukuma da ɗan talaka bai taɓa ji a bakin uwarsa ba, yana fita da su waje su ga tsirrai da idonsu maimakon hadda. A 1911 aka rufe makarantar bisa zargin rashin addini da lalata tarbiyya, aka gurfanar da shi tare da 'yan ƙungiyar ma'aikatan garin, a 1914 kotu a Nafplio ta wanke su amma makaranta ta riga ta tafi. Sai a 1976 yaren gida ya zama na hukuma da makaranta. Ba sai ka ce komai ba, yaron da ke fama da kimiyya cikin Turanci alhali da Hausa yake tunani zai gane da kansa.

Ƙarin abu ɗaya da ke ɗaure ilimi da matsayi: a 1930 aka ba matan Girka damar zaɓen ƙananan hukumomi, amma sai wadda ta haura shekara 30 kuma ta iya karatu. Duba adadin da ke allo ka ga su wa aka cire. Cikakken 'yancin zaɓe sai 1952.

In kana ɗaukar ilimin halittu, rufe da Andromachi Papanikolaou. Ita da mijinta George sun sauka New York a 1913 ba su da komai, tana ɗinka maɓalli a wani kanti shi yana sayar da darduma, daga baya ya samu aiki a Jami'ar Cornell ita kuma ta zama mai taimaka masa a ɗakin gwaji ba albashi, ta kuma shafe shekara 21 tana ba da samfuri daga jikinta don binciken da ya haifar da gwajin kansar bakin mahaifa da ake yi a asibitoci yau. Sunan mijin gwajin ke ɗauke da shi, wato gwajin Pap. Ba sai ka shiga bayanin da zai sa aji jin kunya ba, ka ce samfuri daga jikinta ya wadatar.

Wajen ba da maki kuma, kar ka tambayi shekarar da aka kashe Hypatia, wannan waya ma ta sani. Ba su wata mace da ba ku taɓa ambata a aji ba, misali Aglaonice ta Thessaly da aka ce tana sanin lokacin husufin wata har mutane na ce mata mayya, ka ba su sakin layi ɗaya a kanta da sunan wanda ya kawo labarin, Plutarch, su bi ta da tambayoyin nan huɗu su faɗi tulin da za ta shiga da dalili. Wanda ya rubuta cewa shaidar ba ta isa a yanke hukunci ba kuma ya kawo hujja, ba shi cikakken maki ko da amsarsa ta saɓa da taka.

In kuma firinsifal ya ce darasi ɗaya na minti 40 kawai za ka samu, toh ɗauki katin Agnodice da na Phanostrate minti goma sha biyar, gwajin tsinke minti goma sha biyar, ragowar ka rubuta 1837 da 1890 a allo ka ba su aikin gida kan su waye iyayen matan farkon. Tsinken da gorunan ka haɗa su tun daren jiya, gishirin ma ka narka shi a gida don yana ɗaukar lokaci.